Lambun Gida: A Ina Ake Samun Iri da Dashe Na Amana?

Aminu: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Sanyi ya fara kaɗawa, lokacin tumatir da latas da karas ya yi, masu saurare kuma sai tambaya suke a ina za su samu iri mai kyau. Ina tare da Hajiya Rabi da Malam Idi, tsohon malamin gona. Hajiya, ku buɗe mana.

Hajiya Rabi: Ni dai Aminu, kafin a tafi kasuwa a fara leƙa maƙwabta. Alayyahu, yakuwa, rama, kuɓewa, duk ba sai an kashe kuɗi ba. Matar da kuɓewarta ke zuba 'ya'ya a tsakar gida, ka gani da idonka, ƙasarku ɗaya, ruwanku ɗaya. Ka roƙa, za ta ƙulla maka. Zogale kuwa reshe kawai za ka sara ka kafa.

Malam Idi: Haka ne Hajiya, amma ban da tumatirin zamani. Wanda aka rubuta F1 a jikin ledarsa, auren iri biyu aka yi. Shukar farko tana kyau, amma in ka matse 'ya'yan ka shanya ka sake shukawa, ba za su ɗauko iyayensu ba. Mai son ajiye iri ya nemi UC82B ko Roma VF, waɗannan suna maimaita kansu.

Aminu: To Malam, na shiga shagon kayan gona, me zan duba?

Malam Idi: Da farko leda ko gwangwani ya zama a rufe, da sunan kamfani da ranar da aka ƙunsa. Hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, tana da tambarin da ake kankarewa a tura lambar ta waya a tabbatar da ingancinsa. Abin da ke damuna shi ne mai tebur a rana, ya fasa gwangwani yana aunawa da murfin kwalba. Iri abu ne mai rai, zafi da laima suna kashe shi. Na albasa ya fi saurin mutuwa, da ya shekara sai a hankali. Ko 'yar Galmi ce ta Nijar, da kowa ke yabo, in ta tsufa ba za ta fito ba.

Hajiya Rabi: Amma Malam, mai lambun gida ina zai kai gwangwani guda? Kwami biyu gare shi.

Malam Idi: Sai a haɗa kuɗi gida huɗu ko biyar, a saya a rufe, a raba. Kafin a zuba a ƙasa kuma a gwada. A ɗauki ƙwaya 10, a jera a kan tsumma mai laima, a naɗe, a ajiye a inuwa, kada a bari ya bushe. Bayan mako guda, ko kwana 10 in albasa ce, a buɗe. In 8 sun tsiro, bismillah. In 4 ne, a mayar wa mai shago.

Hajiya Rabi: Kuma don Allah iyaye mata, irin nan mai launin ja ko kore magani aka shafa masa. A ɗaga shi sama, kada yara ko kaji su kai gare shi.

Aminu: Mu zo kan masu dashe na bakin titi. Kowa cewa yake mangwaronsa mai aure ne.

Malam Idi: Tsuguna ka duba gindin. Wurin auren yana nan kamar tabo, sama kaɗan da ƙasar leda, wani lokaci har da ragowar ledar da aka ɗaure shi. In kara ya tafi sumul, daga ƙwallo aka shuka. Mai aure kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo zai daɗe, kuma ba ka san me zai haifa ba. Sannan ka ɗan ja dashen a hankali. In ya biyo hannunka, jiya aka tumɓuko shi aka cusa a leda. Dashen tumatir kuma a juya ganyen. In da fararen tabo masu faɗi kamar an ƙwaƙule cikin ganyen, alamar tsutsar sharon ce, wadda ta cinye gonakin Kura da Kadawa na jihar Kano a 2016. Kada ka kai ta gidanka da kuɗinka.

Aminu: Wanda bai san kowa ba fa, daga ina zai fara?

Malam Idi: Ya nemi malamin gona na ƙaramar hukumarsa. Mutanen Zariya ga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a kusa da su, na Kano kuma akwai reshen cibiyar kayan lambu ta NIHORT a Bagauda. A je a tambaya, ba a korar mai tambaya.

Hajiya Rabi: In ka dace da mai dashen da ya yarda ka shiga inda yake rainon, ya kuma gaya maka gaskiya cewa wannan ba zai yi a tukunya ba, ka karɓi lambarsa.

Aminu: Mun gode Hajiya, mun gode Malam. Mako mai zuwa za mu tattauna takin gargajiya, da yadda ake gane wanda ya ruɓa ya isa zubawa. A huta lafiya.