Hirar fada: ɗiyan Nijar da suka zauna teburin sulhu

Sani: Salamu alaikum masu saurare, daga Maraɗi muke, ni da yaya Rabi da Malam Isuhu, shayi na bisa wuta. Abin da ya kawo maganar yau wani ƙanena ne da ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, bana, ya ce min shi jakada yake so ya zama, sai ƴan gida suka hau dariya wai wannan aikin ɗiyan manya ne.

Rabi: Ai bai kamata a yi mishi dariya ba wallahi. Mu nan wa zai ce aikin bai shafe shi ba? 2023 da Sedeyawo, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, ta sa ma Nijar takunkumi bayan juyin mulki aka ruhe iyaka, ka tuna yadda hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta mutu, kaya suka yi tsada, wuta ta ɗauke, kowa kunnenshi na rediyo yana jiran ya ji me Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi suka samo a Yamai. Masu shiga tsakani kenan, abincinmu ya rataya ga maganar da suke yi cikin ɗaki.

Isuhu: Gaskiya ne ƙanwata. Kuma abin da yara ba su sani ba, ƙasar nan ta jima cikin harkar. Tun Yuli 1968 Diori Hamani ya karɓi ɓangarorin yaƙin Biyafara a Yamai suka zauna. Ide Umaru ya fara da aikin jarida, ya zama jakadanmu a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya riƙe ministan harkokin waje, kana 1985 zuwa 1989 shi ne babban sakataren ƙungiyar haɗin kan Afirka gaba ɗaya. A shekarar da ya sauka Hamid Algabid ya hau ta ƙasashen Musulmi, 1989 har 1996.

Sani: Malam ka manta mata.

Rabi: Bar min wannan, ni zan hwaɗa. Aishatu Mindaudu. Ta karanta shari'ar ƙasa da ƙasa, ta yi kusan shekara 10 tana ministar harkokin waje, daga nan aka kai ta Darfur, sai 2013 aka ba ta jagorancin aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Kodebuwa, ƙasar da ta hito daga yaƙin zaɓe, dubban sojoji da ƴan sanda na wanzar da zaman lahiya ƙarƙashinta, kuma a hannunta aka naɗe tabarmar aikin a 2017. Ni wannan ya hi burge ni, saboda irin wannan aiki sau da yawa shiga ake yi ba a san ranar hita ba, dubi Kwango yau shekara nawa.

Isuhu: Aikin Majalisar a Kwangon ma ɗanmu ya riƙe shi, Maman Sidiku, 2015 zuwa 2018, bayan ya yi Somaliya da dakarun Tarayyar Afirka. Shi ma ɗan jarida ne asali. To ka ga hanyar ba ɗaya ba ce, wani ta jarida, wata ta jami'a, wasu ta makarantar horar da ma'aikata ta ENA sannan ma'aikatar harkokin waje, a hankali a hankali, shekara 20 kana rubuta rahoto kana ɗaukar ma wani jaka kahin a ji sunanka.

Sani: Amma Malam ni ga inda raina ke ɓaci. A sha wahalar nan duka, ƙarshe ƙasa ɗaya ta ɗaga hannu komi ya rushe. Lokacin da Nijar ke Kwamitin Sulhu, 2020 da 2021, Abdu Abari na jakada, mu da Ailan muka kawo ƙudiri a kan canjin yanayi da tsaro, abin da manomi da makiyayi na Dakoro suka sani tun kahin a rubuta shi da Turanci. Disamba 2021 aka yi ƙuri'a, ƙasa 12 cikin 15 suka yarda, Indiya ta ƙi, Cana ta ƙaurace, Rasha ta hau kujerar na ƙi, shi kenan. Ina amfanin zaman?

Isuhu: Zahin da kake ji daidai ne, ni ma na ji shi. Amma ka taɓa zama sulhun gona wajen mai gari? Zaman farko ba ya kashe magana, ana tashi ne kowa na huci, sai an koma an sake komawa. Ranar 24 ga Afrilu da aka sa ranar hutu daga ina ta hito? Yarjejeniyar 1995 ce da ƴan tawayen arewa, Aljeriya da Burkina da Faransa suka shiga tsakani, kuma ba a zama ɗaya aka same ta ba.

Rabi: Kuma a gaya ma yaron gaskiya, ba kwat da jirgi ba ne kawai. Robert Fowler, manzon Majalisar Ɗinkin Duniya a nan ƙasar, an sace shi kusa da Yamai a Disamba 2008, sai Afrilu 2009 aka sako shi. Sergio Vieira de Mello, wakilin Majalisar a Iraƙi, bam ya kashe shi cikin ofis ɗinshi a Bagadaza, 19 ga Agusta 2003, su 22 suka mutu. Iyalinka ma ba kullum za su bi ka ba.

Sani: To me zan ce mishi yaya?

Rabi: Ya riƙe Faransancinshi, ya dage da Ingilishi tunda ga Katsina nan kusa, in ya samu Larabci ya ƙara. Ya karanta shari'a ko kimiyyar siyasa. Lokacin hutu kuma ya nemi aikin sa kai wajen Gidan Rumji inda ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara suke tun 2019, ya zauna ya saurari wanda aka ƙone ma gari.

Isuhu: Ka turo min shi Asabar ma, ina da takardun da zan ba shi. Sani zuba na biyu, ya dahu.