Kada a bakin kogi, uwa da jaririnta a teku

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana na Zariya. Ina magana da ku ne daga arewacin jihar Kwinsland a ƙasar Ostareliya, inda watan Yuli yake lokacin sanyi, alhali ku kuna tsakiyar damina.

Ruwan da kuke gani a bayana shi ne kogin Daintree. Da safe matuƙin jirginmu ya kashe inji, ya nuna mana wani abu a kan taɓo, ni kuwa na ɗauka kututture ne ruwa ya kawo, sai da na ga ido ya buɗe. Kada ne, ya hangame baki yana shan hantsi, fatar bayansa ta bushe ta yi fari kamar tsohon bangon ƙasa. A watannin sanyi suke yawan fitowa haka, domin jikinsu ba ya ɗumama sai da rana. Irin wannan kadan yana shiga ruwan gishiri, babbansa yakan kai mita 6, kuma tun 1974 dokar jihar ta hana farautarsa. Na tuna cewa daga sunan kada aka samo sunan jiharmu ta Kaduna, amma sai a nan na fara haɗa ido da shi.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a teku ya faru jiya. Mun daɗe ba mu ga komai ba, sai muka ji wani huci mai ƙarfi, tururi ya tashi sama, baƙin doro ya bayyana. Wannan ce dabbar da Turawa ke kira whale, irin mai doro, wadda tsawonta kan kai mita 15. Muna ce mata kifi, amma iska take shaƙa, kuma nono take ba ɗanta. Daga tekun Antatika mai tsananin sanyi, can ƙarshen kudancin duniya, suke tasowa, tafiyar dubban kilomita, domin su haihu a ruwa mai ɗumi, kuma uwa kusan ba ta cin komai har ta koma.

Doka ta hana jirgi matsawa kusa da su, saboda haka daga nesa na ɗauki hoton. Ku duba gefen hagu da kyau: ƙaramin hucin da ke bin babban, na jaririn ne. Inna, ke na tuna a lokacin, har na manta kyamara tana hannuna, ina ta maimaita Subhanallah.