Jawabin Maraba ga Mai Girma Gwamna a Ziyararsa ta Fadamar Logon

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Gwamnan Yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, masu martaba sarakuna, malamai, iyayenmu mata, jama'a baki ɗaya. A madadin Sarkin Hausawan Kusuri da 'yan kasuwar kifi da na shanu, muna cewa lale marhabin. Ranka ya daɗe, sannu da hanya, sannu da ƙura.

Tun daga Maga ka ga fadamar da muke ci daga gare ta. Idan kogin Logon ya cika ya malala, ciyawa ta tashi har ta shanye mutum, kifi ya hayayyafa a gindinta. Ruwa na janyewa sai makiyaya su sauko da garkunansu, mata su jera tarwaɗa a kan wayar banda, a ɗaure kwali-kwali zuwa Marwa da Injamena. Dattawan da ke zaune a nan sun ga abin da ya biyo bayan gina madatsar Maga a 1979 domin gonakin SEMRY, kamfanin noman shinkafa na gwamnati: ambaliya ta ragu, kiwo ya lalace, masunta da yawa suka yi ƙaura. Da aka sake buɗe wa ruwa hanya a 1994, ciyawa da kifi suka fara dawowa.

Yanzu kuma duniya ta gano wata dukiyar a ƙarƙashin laka. Ƙasar da ruwa ke kwance a kanta tana riƙe ganye da saiwoyi ba su gama ruɓewa ba, kabon ɗin da ke jikinsu ya zauna a ƙasa maimakon ya hau sama ya ƙara zafi. Dausayin da irin wannan ruɓaɓɓen ganye ya taru a cikinsa shekaru dubbai bai wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma kabon da ya adana ya fi na dukkan dazuzzukan duniya. A 2017 masana suka bayyana na tsakiyar kwarin Kwango, mai ɗauke da kabon kimanin tan biliyan 30, a 2018 kuma aka sa hannu kan yarjejeniyar kare shi a Barazabil. Indunusiya da ta busar da nata don gonakin kwakwar manja ta sha gobara da hayaƙi a 2015.

Namu bai kai na Kwango kauri ba, ba za mu yi wa Gwamna ƙarin gishiri ba. Amma fili ne na hekta 600,000 da ya shiga jerin Ramsar, wato jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya, tun 2006, kuma kamfanoni da ƙasashe masu hayaƙi suna biyan kuɗi ga masu adana kabon. Roƙonmu shi ne a turo masana su auna abin da lakarmu ta riƙe, a riƙa sakin ruwa a kan lokaci, a kuma tsawata kan yawan haƙa magudanan kamun kifi da ke tsotse fadama da wuri, ko da na 'yan'uwanmu ne. In kuɗin ya zo, a sa masunci da makiyayi a teburin rabo, kada ya ƙare a taron otal.

Ranka ya daɗe, ga ruwa, ga goro. Allah ya ja zamaninka, ya mayar da kai Marwa lafiya. Wassalamu alaikum.