Lacca: Filin kiwon doki ma sai ya huta

Assalamu alaikum. Na baya can kuna ji na? Toh madalla.

Kusan duk mai dokin da na taɓa zama da shi, in ka tambaye shi me yake ba dokinsa sai ya fara lissafo maka hatsi da dusa, ciyawa sai can ƙarshe yake tunawa da ita kamar wata 'yar rakiya, alhali ita ce abincin, sauran duk ƙari ne. Doki tumbinsa ƙarami ne, bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, dabba mai kilo 500 fa, kuma tumbin nan ba ya daina zubo ruwan tsami ko da abinci ko babu, ga shi doki ba ya amai. Yawunsa ne ke kashe kaifin tsamin, yawun kuma ba ya zuwa sai yana tauna. Shi ya sa in ka sake shi a fili zai yi awa 14 zuwa 16 kansa a ƙasa yana tsinka kaɗan-kaɗan. Kai kuma ka ɗaure shi a turke ka zuba masa sau biyu, sauran yinin ciki wayam, sannan ka zo kana mamakin gyambon ciki da gwigwiyar katakon barga.

Lissafin ba wuya. Kullum yana buƙatar busasshiyar ciyawa kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa, wato mai kilo 500 zai ci kilo 7 da rabi zuwa 10. Dan Allah a rataya a sikeli ko sau ɗaya ne, ido yana ƙarya wajen dami.

Yanzu mu zo kan fili, wanda shi ne ya tara mu. Ku taɓa tsayawa ku kalli bakin saniya da na doki. Saniya ba ta da haƙoran gaba na sama, da harshe take naɗo ciyawa ta fizga, dole ta bar saura. Doki kuwa sama da ƙasa duk haƙora ne, datsewa yake kamar almakashi har ya taɓo ƙasa. Ga tsirfa, inda ya ji daɗi nan zai yi ta komawa, tsiro na leƙowa yana aske shi, inda ya yi kashi kuma ko kallo bai ishe shi ba. Bayan wata biyu ka shiga filin sai ka ga rabi ƙwal kamar kan da aka aske, rabi kuma duhuwar ciyawa ta tsufa ta yi kara, kana hangowa daga nesa ka ce ai akwai abinci, babu komai wallahi, wajen ba-hayarsa ne.

Ita ciyawa da ganyenta take haɗa abincinta. In aka yi ta cinye ganyen ba hutu sai saiwar ta rame, ta kasa kamo ruwa, ta mutu, mugun tsiron da doki ba ya ci ya gaje wurin. Don haka ko filinka ƙarami ne raba shi gida uku ko huɗu. A shigar da dawaki in ciyawa ta kai santimita 15 zuwa 20, kusan taƙi guda kenan, a fitar da su in ta sauko zuwa 7 ko 8, faɗin yatsu huɗu. Sai a rufe wajen sati uku zuwa huɗu lokacin da ciyawa ke tashi, in ruwa ya ɗauke ya fi haka. Kar ka bi kalanda, bi tsawon ciyawar. Kuma ka ware ɗan shinge guda da ka sadaukar, wanda ka san ba zai yi ciyawa ba, ranar da ƙasa ta jiƙe sharkaf nan za su tsaya su ci busasshiya, don kofato a caɓi barnar yini ɗaya sai ta ɗauki watanni ba ta gyaru ba.

Kashi kuma a kwashe sau biyu a sati. Na san ba wanda ke son aikin nan, ni ma ba na so, amma ƙwan tsutsar ciki a cikin kashin yake ƙyanƙyashewa, tsutsar ta hau ganye doki ya sake haɗiya. Mai shanu ko tumaki ya sako su bayan dawaki, za su cinye abin da doki ya ƙyale, kuma yawancin tsutsar doki ba ta rayuwa a cikinsu.

Wani abin da ke ba mutane mamaki, ciyawa mai kyau ma tana kwantar da doki. Sabon tsiro cike yake da sukari, ya fi yawa da la'asar in an wuni ana rana, ya fi ƙaranci da asuba. Dokin da ya saba da busasshiya ka sake shi a kore shar yini guda, ƙwayoyin da ke narka masa abinci a babban hanji sai su rikice, daga nan murɗar ciki ko kumburin cikin kofato, ka gan shi ya miƙe ƙafafun gaba ya jingina baya, ka taɓa kofaton ka ji zafi. Masu ƙiba da kuru, wato gajerun dawaki, su suka fi kamuwa. A fara sakinsa a kore na minti 15 zuwa 30, a dinga ƙarawa, duk canjin abinci a ja shi kwana 7 zuwa 14. Ɗanyen tsiron dawa kuwa kar ma a gwada, yana da guba.

Busasshiyar ciyawa ka buɗe tsakiyar damin ka shinshina. In ta yi fumfuna ko ƙura ta tashi, zubar, huhun doki ba ya jurewa.

Na'am malam, ɗaga murya. Yana tambaya ne ko a zuba a ƙasa ko a kwami. Cin abinci kai a ƙasa ya fi masa, hanci yana tsiyayewa, amma banda kan yashi, don yashin taruwa yake a hanji ya toshe. Shimfiɗa tabarmar roba ko ka sa kwami mai faɗi a ƙasa. Ruwa kuma kar ya yanke, lita 25 zuwa 45 a rana, da zafi ko aiki ya wuce haka. Akwai wani hannu can gefe, bismillah.