Daga "an gina" zuwa "was built": ba da labarin gine-ginen duniya da Ingilishi

Assalamu alaikum ƴan makaranta da malamai, barkanmu da warhaka. Daga nan Yamai nake muku magana, kuma hoton da ke gabanku babu wanda bai san shi ba a garin nan. Gadar Kennedy ce, ga motoci, ga kabu-kabu, ga masu tafiya a ƙasa suna ƙetare gulbi zuwa Harobanda. An buɗe ta a shekarar 1970. Ku riƙe ƴar jimlar nan da kyau, "an buɗe ta", domin darasin yau kacokan daga cikinta zai fito.

Mu fara da harshenmu. Idan Bahaushe zai faɗi abin da ya wuce, ba ruwansa da taɓa aikatau. Ya gina, sun gina, za su gina: "gina" tana nan yadda take, ƙananan kalmomin da ke gabanta su ne ke ɗauke da lokaci. Ingilishi kuwa aikatau ɗin kansa ake tanƙwarawa. Open ya koma opened, die ya koma died. Waɗannan masu ladabi ne, ed kawai ake liƙa musu a wutsiya, ko d kaɗai idan kalmar ta riga ta ƙare da e. Akwai kuma masu taurin kai da ba su bin wannan layi: build ya zama built, take ya zama took, stand ya zama stood. Su kam babu dabara sai hadda, kamar yadda muka haddace lissafin ninki a firamare. Ku rubuta biyar a bayan kayenku kowane mako, sun isa.

To, ina "an" ta shiga? Muna cewa "an gina" idan ba mu damu da wanda ya yi ginin ba, ginin kansa ne abin magana. Ingilishi na da daidai wannan, wato was ko were, sai aikatau a siffarsa ta uku, kamar taken a jerin take, took, taken, ko opened a jerin open, opened, opened. An buɗe gadar a 1970: The bridge was opened in 1970. Ina roƙonku kada ku yar da was ɗin nan. Sau da yawa ina gyaran takardun ɗalibaina in tarar da The tower built in 1889, sai jan alƙalamina ya tsaya, raina ya ɓaci, don yaron ya san shekara, ya san kalma, abu guda ya ɓace masa. Idan ka cire was, kamar ka ce hasumiyar ce ta ɗauki guduma ta yi gini da kanta.

Ga hasumiyar nan a kan allo, ta Eiffel da ke birnin Paris. Kamfanin injiniya Gustave Eiffel ne ya haɗa ta da ƙarfe, aka soma a 1887, aka gama a 1889 domin babban baje kolin duniya na shekarar. It was built between 1887 and 1889. A nan ne Faransanci ke yi mana ƙafar ungulu. Mu a Nijar da shi muka buɗe ido a lakwal, sai mun shiga kwaleji muke haɗuwa da Ingilishi, shi ya sa kunnenmu ya saba da "elle a été construite". Sai yaro ya bi ta kalma bayan kalma ya rubuta It has been built in 1889. Kuskure ne. Da zarar ka ambaci shekara ko ranar da abin ya auku, has da have sun fita daga zancen, was ce mai wurin.

Faɗin shekarar ma daban yake. Ba za ku jero dubu da ɗari takwas irin na Faransanci ba. Ku raba ta gida biyu, 18 da 89: eighteen eighty-nine. Ku maimaita tare da ni. Ta gada kuma, nineteen seventy.

Yanzu mu tafi Indiya, birnin Agra. Wannan farin ginin marmara mai ƙubba shi ne Taj Mahal, kuma ina son sa cikin darasi saboda labari ne ɗungurungum, ba gini kawai ba. Sarki Shah Jahan yana da mata, Mumtaz Mahal, ta rasu wurin haihuwa a 1631. Shekara guda bayan haka ya sa aka fara gina mata makwanci, ma'aikata kusan 20,000 suka yi ta aiki har wajen shekara 20. Ku ji yadda zai fito: She died in 1631. The work started in 1632. Thousands of people worked there. Kun lura? Ed ɗaya ce a rubuce, amma sauti uku take bayarwa. A died tana fita kamar d, a worked kamar t, a started ne kaɗai ake jin "id". Harshenmu yana son wasali a ƙarshen kalma, shi ya sa baki ke ja zuwa "wokid". Ku datse shi, gaɓa ɗaya ce tak. Idan kuma kuna son ambaton wanda ya sa aka yi, sai ku kawo by: It was built by Shah Jahan.

Tambaya fa? Did tana zuwa ta karɓe nauyin lokaci, aikatau ya koma yadda yake tun asali: When did she die? Ba died ba. Amma jimla mai was ba ta neman did, juya ta kawai ake yi: When was it built?

Babbar dalar Giza ta Masar ta fi su tsufa nesa ba kusa ba. An gina ta domin Fir'auna Khufu shekara kusan 4,500 da suka wuce. "Da suka wuce" ɗin nan ita ce ago, kuma a ƙarshe take zama: about 4,500 years ago. Tsawonta na asali mita 146 ne, yau ta ragu tun da duwatsun samanta suka zube. Don haka It was 146 metres tall.

Mu dawo gida, domin abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗalibi ya iya ba da labarin Paris ya kasa na Agadas. Ku dubi hasumiyar babban masallacin Agadas, ginin laka, itatuwa sun tsattsargo daga jikinta ta kowane ɓangare, a kansu magina ke takawa idan za a yi mata yaɓe. An gina ta a 1515, aka sake gina ta a 1844, UNESCO kuma ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. It was built in 1515 and rebuilt in 1844. Amma tsawonta? It is 27 metres tall. Is muka ce, domin tana nan tsaye har yanzu, ana kiran salla a gindinta. Abin da ya faru ya wuce ya ɗauki was, abin da ke nan ya ɗauki is, ko da cikin labari guda ne.

Aikin gida yana gidan tarihi na Boubou Hama, nan cikin Yamai. Ku je ku nemi iccen Tenere. Icce ne mai ƙaya da ya tsaya shi kaɗai tsakiyar hamada, ayarin raƙuma masu zuwa ɗaukar gishiri suna gane hanya da shi, har wata babbar mota ta kaɓe shi a 1973, aka kwaso gangar jikinsa aka kawo nan. Ku tsaya gabansa da kaye da alƙalami, ku rubuta jimla uku: ɗaya da stood, ɗaya da was knocked down, ta ƙarshe da is. Ku karanta su da ƙarfi a wurin, sannan ku kai wa mushenku ya duba. Sai mun haɗu a darasi na gaba, in Allah ya kai mu.