Laccar Turanci: kalmar "invest" da inda ake tuntuɓe da ita

Assalamu alaikum. Iyayenmu malamai, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? Madalla.

Kalmarmu ta yau ita ce invest. Kowa zai ce ai zuba jari ne, kuma haka ɗin ne. Sai dai asalinta ba ruwanta da kuɗi. Daga Latin ta fito, investire, wato tufatar da mutum. Shi ya sa har gobe Turawan Ingila ke kiran bikin naɗi investiture. Da sunan nan aka kira bikin da Sarauniya Elizabeth ta naɗa ɗanta Charles Yariman Wales a Caernarfon a 1969. Mu da muka saba ganin an naɗa wa hakimi rawani an yafa masa alkyabba, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ma'anar kuɗi daga baya ta zo, ta bakin fataken Italiya, Turanci ya ɗauke ta a farkon ƙarni na 17, zamanin kamfanin East India da aka kafa a 1600. Kuɗi ne ke sauya riga: jiya azurfa ce a jaka, yau barkono ne a jirgin ruwa, ana sa ran ya dawo da riba.

To ga inda kuke faɗuwa a jarrabawa. Ana cewa invest in, ba invest on ba. She invested her savings in a tailoring shop, ta zuba ɗan abin da ta tara a shagon ɗinki. Wancan on ɗin na spend ne, shi kuwa spend kashewa ce, kuɗi sun tafi ke nan. In kuma kuka ga invest with, to an bar maganar kuɗi, an koma naɗi. The law invests the governor with power, doka ta ɗora wa gwamna iko. 'Yar kalma ɗaya ta juya zancen gaba ɗaya.

Ana kuma amfani da invest wajen lokaci da ƙarfi, kamar uwar da ta ƙarar da shekarunta kan karatun 'ya'yanta. Bature ma zai ce ya yi invest a takalmi mai tsada, nufinsa zai daɗe bai sayi wani ba.

Abin da babu a cikin kalmar shi ne alkawarin riba. Fata ne kawai, ana ci ana faɗuwa. Waɗanda suka zuba kuɗi a MMM, tsarin nan na intanet da ya yi tashe a Najeriya, investment suke kiran abin, da riba kashi 30 cikin 100 a wata, har aka rufe asusun mutane a Disambar 2016. Ba kaya aka saya ba, ba sana'a aka kafa ba, kuɗin na baya ake ba na gaba. A ganina sunan ma bai dace da shi ba.

Na ji an kira salla. Masu tambaya su rubuto a takarda, mu amsa bayan Magariba.