Shofaj a kashe, ƙarfe na ɗaukar zafi

Salamu alaikum ƴan uwa, mutanen Maradi ina gaisuwa, daga Lille nake magana, nan arewacin Faransa. Ku dubi wannan farin ƙarfen da ke jikin bango, shi ne radiyato. Ruwan zafi ke zagayawa cikinsa lokacin sanyi ya ɗumama ɗaki. To yau muna cikin Yuni, na kashe shofaj, wato tsarin ɗumama gidan, tun Afrilu, amma ku ga, hannu ba ya iya daɗewa a kansa. Kwana 5 ke nan.

Da farko na murɗe kansa na rufe, sai na ɗakin yara ya ɗauka. A nan hankalina ya tashi, don rufewar ɓoye ciwo ne kawai, gaz ɗin na ci, kuɗi na tafiya, ga yara na barci cikin zufa.

Ku biyo ni kicin. Wannan akwatin shi ne shodiyar, tukunyar da ke dafa ruwa. Aiki biyu take yi: ruwan wanka da ruwan ɗumama gida. A cikinta akwai wata ƴar ƙofa mai baki uku. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a lambunan Jiratawa ya san abin: ka toshe wannan hanya, ka buɗe waccan, ruwa ya bi inda kake so. Haka take yi. In ka buɗe famfon zafi, sai ta toshe hanyar radiyato, zafin duka ya tafi wajen wanka. In ta tsufa ko datti ya cushe ta, ba ta rufuwa ruf, sai ruwan ya riƙa sulalewa. Ruwan garin nan kuwa farar ƙasa gare shi sosai, ku dubi cikin butar shayina ku gani.

Ga yadda na gane. Da asuba, komai ya huce, na taɓa bututun da ke fita zuwa radiyato, sanyi ƙalau. Na buɗe famfon zafi minti 3, na koma na taɓa. Zafi! Alhali shofaj a kashe. Ka ga an kama ɓarawo.

Kafin nan na duba sauran. Agogon da ke kunna shofaj da kansa, a kashe yake. Akwai kuma tsarin hana bututu daskarewa, wanda ke tashi in sanyi ya sauka wajen digiri 7, amma a Yuni babu wannan magana. Allurar matsin ruwa tana tsakanin 1 da 1,5, daidai.

Abin da ban yi ba, kuma don Allah kar ku yi: ban kwance shodiyar ba. Mu mun saba, injin ya lalace a ɗauko sukurdireba, amma wannan gaz ne, hayaƙinsa ba shi da wari kuma yana kisa cikin barci. A Faransa doka ce duk shekara ma'aikaci ya duba ta, kuma ɗan haya ke biyan wannan. Sauya abin da tsufa ya kashe kuwa na mai gida ne. Na aika masa hoto da takardar dubawar bana, mai gyara zai zo ranar Alhamis.

Inna, na san kina kallo, kar ki damu, jikokinki lafiya lau, mun buɗe taga. In an kwance ƴar ƙofar zan nuna muku ita a hannu.